Guntun Gatarinka Ya Fi Sari Ka Ba Ni



Annobar korona ta wuce, amma ta bar mana wata tambaya da har yau ba mu amsa ba. Idan cuta ta game duniya, magani ya yi ƙaranci, masu haɗa maganin suka fara da kansu da iyalansu, mu kuma aka bar mu muna jira, shin zaluntarmu aka yi, ko kuwa mu ne muka zalunci kanmu? Wannan ba tambayar likitoci kaɗai ba ce. Ta shafi duk wanda ya taɓa kai yaro asibiti aka ce masa allura ta ƙare, ya dawo wani makon.

Mu fara da abin da ya faru. An tabbatar da shigowar korona Najeriya ranar 27 ga Fabrairu, 2020. Ingila ta fara yi wa mutanenta allurar rigakafi ranar 8 ga Disamba na wannan shekarar. Mu kuwa sai ranar 2 ga Maris, 2021 kason farko ya sauka a Abuja, allurai kusan miliyan 4, ga ƙasar da mutanenta suka haura miliyan 200, kuma kowane mutum sau biyu za a yi masa. Wannan kason ma gudummawa ce ta shirin COVAX, kuma a Indiya aka haɗa shi, a kamfanin Serum Institute. Ba a yi wata guda ba cutar ta tsananta a can Indiya, gwamnatinsu ta dakatar da fitar da allurar waje har na tsawon watanni. Daga baya, da ƙasashe masu arziki suka ƙoshi, sai suka riƙa turo mana ragowar da ta kusa lalacewa. A watan Disambar 2021 gwamnati ta lalata allurai sama da miliyan 1 a Abuja saboda wa'adinsu ya ƙare.

To, wa ke da laifi a nan? Ni a ganina ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Indiya da ta riƙe allurarta lokacin da mutanenta ke mutuwa ba ta yi abin da wani magidanci a unguwar nan ba zai yi ba. Idan aka yi fari, buhu ɗaya ya rage maka, 'ya'yanka za ka fara ciyarwa, kuma babu malamin da zai ce ka yi zunubi. Amma ƙasashen da suka yi odar abin da ya ninka yawan mutanensu sau da yawa, suka kulle a ɗaki har ya kusa ruɓewa, waɗannan hukuncinsu daban ne. Ai mun san irinsu a harkar hatsi. Wanda ya saye masara ya ɓoye a sito ana cikin yunwa, ko a Tudun Hatsi ba a ganinsa da mutunci. Wannan zalunci ne, kuma ya kamata a faɗa.

Sai dai fa laifin wani ba ya wanke naka. Mu tambayi kanmu yadda aka yi muka wayi gari ba mu da ko ƙwaya ɗaya ta kanmu.

Da yawa cikin matasa ba su san cewa ƙasar nan ta taɓa haɗa allurar rigakafi ba. A Yaba da ke Legas akwai ɗakin haɗa rigakafi na gwamnatin tarayya da ya yi aiki daga wajen 1940 har zuwa 1991. A nan ake yin na agana, da na shawara, da na cizon mahaukacin kare, har ana kai wa wasu ƙasashen Afirka. Dattawanmu masu tabon lamba a damtse shaida ne na yaƙin da aka yi da agana, cutar da aka sanar da ƙarewarta a duniya a 1980. A 1991 aka rufe Yaba da sunan za a yi gyara. Gyaran da ba a gama ba ke nan. A 2005 aka kafa kamfanin Biovaccines na haɗin gwiwa tsakanin gwamnati da May & Baker, aka sake farfaɗo da yarjejeniyar a 2017, amma korona ta zo ta same mu hannu rabbana.

Abin mamaki, dabbobinmu sun fi mu gata a wannan fanni. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana nan tun 1924, kuma tana haɗa rigakafin shanu da awaki da kaji. Ke nan ba basira muka rasa ba.

Ga wani misalin a ƙofar gidanmu. Asibitin masu saran maciji na Kaltungo sananne ne har wajen ƙasar nan. Maganin da ya fi amfani a can, EchiTAb, da dafin macizanmu ake yinsa. An kwashi kububuwa daga ƙasar nan aka kai Libaful, a can ake tatsar dafin, a haɗa maganin a Birtaniya da Kosta Rika, sannan a dawo mana da shi mu saya da kuɗin waje. Duk lokacin da aka sami tsaiko a hanya, ko kuɗi suka makale a wani ofis, manomin da maciji ya sara a gona shi ke biya da ransa. Macijin namu, ciwon namu, maganin na wasu.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, domin shi ya shafe mu kai tsaye. Mu mutanen Arewa muna da tsohon zargi a kan allurar da ta fito daga waje, kuma zargin yana da asali. A 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani sabon magani mai suna Trovan a Kano, a wani gwaji da ya haɗa da yara 200. Goma sha ɗaya suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, aka yi shekaru ana shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009. Ɗan jihar nan, Farfesa Idris Mohammed, wanda ya shugabanci kwamitin yaƙi da korona na jihar Gombe a 2020, yana cikin waɗanda suka nuna rashin amincewa da gwajin tun a lokacin. Saboda haka wanda ya ce yana tsoro, kada a yi masa dariya.

Amma mu duba abin da tsoron ya haifar. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohi. Cutar ta sake bazuwa, ta tsallaka har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita, yara da yawa suka shanye. Da me aka shawo kan lamarin a 2004? Da rigakafin da aka kawo daga Indonesiya, na kamfanin gwamnatinsu mai suna Bio Farma. Mutane suka ce tunda 'yan'uwa Musulmi ne suka haɗa, sun yarda. To jama'a, mu tsaya nan mu yi tunani. Indonesiya ba daga sama aka saukar mata da masana'anta ba. Zama suka yi suka gina, suka riƙe ta shekara da shekaru, har ta kai ranar da hankalinmu bai kwanta da kowa ba sai su.

Nan ne nake ganin muna da abin amsawa gaban Allah. Mun ce ba mu yarda da na wasu ba, kuma ba mu yi namu ba. Mutumin da ya ce ba zai ci tuwon maƙwabci ba don yana zargin an sa masa wani abu, hankali ya nuna ya hura wuta a gidansa. Idan ya ƙi na maƙwabci kuma ya ƙi ɗora tukunya, 'ya'yansa suka kwana da yunwa, ba za a kira wannan taka-tsantsan ba, sakaci ne. Duk wanda zarginsa ya fi yawa, shi ya fi cancanta ya matsa a gina tamu masana'antar, inda 'ya'yanmu ne za su auna, su gwada, su sa hannu.

Malamai ma ba su bar mu a duhu ba. Imamu Gazali, a littafinsa Ihya'u Ulumiddin, ya sanya ilmin likitanci cikin farillar kifaya, wato aikin da idan wasu suka yi ya sauka daga kan kowa, idan kuwa kowa ya bari, duka gari sun yi laifi. Ya haɗa har da sana'o'i irin su noma da saƙa da ƙaho. Mun san wannan hukunci sarai a kan jana'iza, shi ya sa ba a taɓa barin gawa a unguwar nan ba a yi mata sutura ba. Ashe abin da zai hana yaron mutuwa bai kai haka muhimmanci ba?

Na san akwai mai cewa, Malam, wannan duk dogon buri ne. Ƙananan asibitocinmu ba wuta, ba ruwa, wasu ba ma'aikaci. Allurar Indiya tana da araha, domin suna haɗa ta da yawan gaske. Ko sabon rigakafin sanƙarau da Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da shi a 2024, bayan ɓarkewar cutar a jihohi har da tamu, daga can ya fito. Me ya sa za a zuba biliyoyi a ginin da kayansa za su fi na kasuwa tsada, alhali kuɗin za su iya yi wa dubban yara allura yau?

Wannan magana ce mai nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinta. Haɗa rigakafi ba kamar haɗa man gyaɗa ba ne. Yana son wutar da ba ta ɗaukewa, da ruwa mai tsabtar gaske, da sanyi tun daga masana'anta har zuwa hannun mai allura, da ƙwararrun da aka yi shekaru ana horarwa, da hukumar da za ta bincika kowane kaso kafin ya fita. Gini kaɗai ma ba ya isa. A Afirka ta Kudu, kamfanin Aspen ya shirya tsaf don haɗa rigakafin korona, amma a 2022 ya rasa mai saye, har daga ƙasashen Afirka da suka fi kowa kuka.

Duk da haka arahar nan ta ranar zaman lafiya ce. Ranar da annoba ta zo, ko kana da kuɗi a hannu babu mai sayar maka, kamar yadda muka gani a 2021. Ɗan ƙarin da za a biya wa na gida kamar kuɗin mai gadi ne. Shekara goma ɓarawo bai zo ba, kana ganin asara kake yi, sai dare ɗaya ya biya ka duka. Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, a shekarun yalwa ya sa aka tara hatsi. Kuma ba sai kowace ƙasa ta haɗa komai ba. Cibiyar Pasteur ta Dakar a Sanagal ta daɗe tana haɗa rigakafin shawara. Afirka tana shigo da kusan kashi 99 cikin 100 na rigakafin da take amfani da shi, kuma Tarayyar Afirka ta sa burin haɗa kashi 60 a gida nan da 2040. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Najeriya cikin ƙasashen Afirka 6 da za a koya wa sabuwar fasahar haɗa rigakafi. Ƙofa dai a buɗe take. Abin da ya kashe Yaba shi ne rashin riƙo, kuma shi ne abin tsoro har gobe.

Wani gargaɗi kuma, kada kishin na gida ya rufe mana ido. Maganin haƙoran yara na My Pikin a Legas aka haɗa shi, kuma ya kashe yara fiye da 80 tsakanin 2008 da 2009. Zaman abu namu ba ya mai da shi mai kyau. Amfanin na gida shi ne mai laifi yana inda hannunmu zai kai gare shi, kuma wasu ma'aikatan wancan kamfanin an gurfanar da su an hukunta. Don haka duk mai neman masana'anta, ya nemi hukumar NAFDAC mai ƙarfi wadda ba a saye ta.

To mu talakawan unguwa, ina namu a ciki? Kakanninmu da suka zo garin nan daga Kano da Katsina da Zazzau ba su dawwama a zauren mai masauki ba. Kowa ya kama sana'a, ya gina nasa. Wannan halin muke buƙata. Ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, bayan maganar kwalbati da taki, a tambaye shi me ya sani game da Biovaccines da maganin Kaltungo. Alhazanmu masu hali su ɗauki nauyin yaro ko yarinya ɗaya da ke karatun haɗa magunguna a Jami'ar Jihar Gombe, wannan ma sadaka ce mai gudana. Limamanmu su riƙa tuna wa jama'a cewa farillar kifaya ba ta tsaya a maƙabarta ba. Iyaye mata da maza kuma, kafin namu ya samu, a ci gaba da kai yara a yi musu na ƙyanda da mashaƙo da shan inna, domin cuta ba za ta jira mu gama gini ba.

Wata annobar za ta zo, ba mu dai san ranar ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Allah Ya kare mu da zuriyarmu, Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma Ya ba mu ikon tuna musu. Wassalam.