Shin Wajibi Ne Mai Sayarwa Ya Faɗi Abin Da Ba A Tambaye Shi Ba?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a birnin Bordo na Faransa masu sayen jar giyar inabi ba su biyan kuɗi sai sun tambayi shekarar da aka matse ta, da irin ɗanɗanonta, da yawan shekarun da za ta yi a ajiye ba ta lalace ba. Giya haramun ce, shanta da cinikinta duka. To, in masu cinikin haram suna wannan bayani, mene ne uzurinmu, mu masu cinikin halal?

Mu dubi wake a kasuwannin Tasawa da Mayahi lokacin kaka. Magidanci yana sayen tiya-tiya don ya ajiye har damana. Ƙwaron wake kuwa tun a gona yake yin ƙwai, tsutsarsa ta shige cikin ƙwaya inda ido ba ya gani. Cikin wata guda sabbin ƙwari su fito, su sake yin ƙwai, kafin bazara buhu ya koma gari. Mai wake ya san ko na bana ne ko na bara, ya san ko ya bushe sosai, ya san ko an sa masa magani. Mai saye bai sani ba.

Wani zai ce, ai bai tambaye ni ba. Imamu Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya cusa hannunsa cikin tsibin abinci ya ji danshi. Mai abincin bai yi ƙarya da baki ba, jiƙaƙƙen kawai ya bari a ƙasa, amma Annabi ya kira wannan algus, ya nisanta mai yin sa daga gare shi. Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ma, cikin Risala, ya hana ɓoye aibi da garwaya mummuna da kyakkyawa. Ashe shiru ma yana iya zama ha'inci.

Mai saye shi ma da nasa. Ya tambaya, ya fasa ƙwaya ya duba, ya kuma gyara ajiyarsa. Tun 2007 masana na jami'ar Purdue ta Amurka da na INRAN a Maradi suka yaɗa buhu mai ninki uku, wanda ke hana iska shiga har ƙwari su mutu ba tare da guba ba. Wanda ya yi sakaci da ajiya, kada ya ɗora wa ɗan kasuwa laifi.

Mu da muka ga yunwar 2005 mun san darajar tiya guda. Wanda ya sayar wa maƙwabcinsa waken da ya san ba zai kai damana ba, abincin ƴaƴan wannan maƙwabci ya ci. Gara ribar ta ragu albarka ta tabbata.

Allah Ya tsarkake mana nemanmu, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.