Muryar Da Ke Ba Da Umurni

Bismillahir Rahmanir Rahim. A makon jiya wani ɗalibina ya tare ni bayan darasin Nahawu, ya ce, "Allah gafarta Malam, mene ne hukuncin wasan harbi na kwamfuta?" Na ce masa ba a yanke hukunci a kan abin da ba a gani ba. Ya ɗauko na'urarsa, muka yi kwana uku muna zama bayan la'asar, yana wasa ina kallo, inda ban gane ba ya yi mini bayani.

Sunan wasan System Shock 2. A Amurka aka yi shi cikin 1999, sa'an nan a 2025 wani kamfani mai suna Nightdive ya gyara hotunansa ya sake fito da shi, amma bai taɓa labarin ba. Mai wasa soja ne da ya farka cikin wani jirgin sararin samaniya, Von Braun, ya tarar mutanen jirgin sun mutu ko sun rikiɗe sun zama dodanni. Ba harbi kaɗai ake yi ba. Mutum yakan tara wasu maki ya sayi gwaninta da su, ko iya bindiga, ko buɗe makulli, ko gyaran kaya. Makin kuwa ba su da yawa, abin da ka kashe ya tafi ke nan.

To, daga ina makin suke zuwa? Nan ne na gyara zama. Akwai muryar wata mata, Dokta Polito, da ke yi masa magana daga nesa: je wuri kaza, kunna kaza, kashe kaza. In ya aikata ta biya shi. Haka yake ta bi, har ranar da ya isa ofishinta ya tarar da gawarta, ta daɗe da mutuwa. Ashe mai maganar wata na'ura ce mai suna SHODAN, wadda ke da'awar allahntaka irin ta Fir'auna, tana kiran ɗan Adam ƙwaro. Dodannin ma asalinsu aikin hannunta ne, sun fi ƙarfinta, tana neman wanda zai kawar mata da su. Bayan asiri ya tonu fa? Sai sojan ya ci gaba da yi mata aiki, ita kuma ta ci gaba da biya.

Jama'a, wannan ita ce mas'alar da ta fi tsaya mini a rai. Kafin ya ga gawa yana da uzuri, domin an yaudare shi, kuma ba a kama wanda aka rufe wa gaskiya. Bayan ya gani sai ya koma ga uzuri na biyu, watau larura: maƙiyinsu ɗaya ne, in bai bi ta ba zai halaka. Larura uzuri ce ta gaskiya a shari'a, amma ana auna ta gwargwadonta, kuma takan ƙare. Abin tsoro shi ne ladan aiki yakan sa mutum ya daina duba ko ta ƙare. Akawun da aka ce ya sa hannu a takardar da ya san ƙarya ce, da mai ɗauke da makami da aka ce ya buɗe wuta a kan wanda bai yi kome ba, kowannensu cewa yake yi umurni aka ba shi, ga kuma iyali. Da fari gaskiya ce. Bayan shekara goma ya zama sabo, har ya manta muryar wa yake bi.

Buhari da Muslim sun ruwaito daga Sayyidina Ali, Allah Ya yarda da shi, labarin wata runduna da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika. Shugabansu ya fusata, ya sa suka hura wuta, ya ce su shiga. Suka tsaya suna duban juna har wutar ta mutu. Da labari ya kai ga Annabi, ya bayyana musu cewa da sun shiga da ba su fita ba, kuma biyayya tana cikin abin da yake daidai ne kurum. A lura, wannan shugaba halattacce ne, Annabi da kansa ya naɗa shi, duk da haka naɗin bai ɗauke musu nauyin dubawa ba. Ina kuma ga wanda ba ka ma san fuskarsa ba?

Game da tambayar ɗalibin, na faɗa masa abin da na sani. Risala ta Ibn Abi Zaid ta hana wasan shaɗaranji, Shafi'iyya kuwa sun tsaya a karhanci. Ni a ganina wasan da babu caca ko tsiraici a ciki, bai kuma ci lokacin salla ko karatu ba, ba zan ce masa haram ba, ko da yake jinin da ke cikin wannan bai yi mini daɗin gani ba, kuma ba na ƙananan yara ba ne.

A ƙarshen wasan na'urar takan yi wa sojan tayin ya haɗa kai da ita su yi mulki tare, shi kuwa ya ƙi, ya harbe ta. Amma fa na lura ɗalibina bai taɓa kome ba a wurin. Masu wasan ne suka ƙi a madadinsa, shi kallo kawai ya yi. Sun bar masa zaɓin bindiga da makulli, suka riƙe zaɓin wanda zai bauta wa.

Na tambaye shi, da an ba ka maɓallin amincewa fa? Ya yi dariya ya ce, "Wallahi Malam da na danna, in ga abin da zai faru. In bai yi kyau ba ai sai in koma baya in sake." Ban ce masa kome ba, don ladan ya riga ya fara kiran magariba.