Yafiya Ko Neman Haƙƙi: Idan Gareji Ya Ɓata Maka Mota

Jama'armu da yawa a birnin New York da mota suke neman abinci. Wani tasi yake ja, wani Uber, wani raba kaya yake yi daga Bronx zuwa Queens. Ranar da aka buge motar mutum, ranar ce cefanen gidansa ya tsaya. Shi ya sa rigimar da ke tashi bayan gyara take da zafi: an karɓo mota daga gareji, fenti na ƙyalli, amma sitiyari na ja gefe guda, ƙofa ba ta rufuwa daidai, fitilar jakar iska ta ƙi mutuwa. Mai gareji ya ce iya abin da inshora ta biya ya gyara, kamfanin inshora ya ce shi ya riga ya biya. Mai mota kuwa yana tsaka-tsaki.

Tambayar da nake so mu duba ita ce: idan mai garejin namu ne, sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, shin kai ƙararsa gaban hukuma cin amanar zumunci ne? Na sha jin dattawa na cewa a bar wa Allah, haƙuri maganin zaman duniya. Maganar tana da nauyi. Mu baƙi ne a ƙasar nan, kuma garejojin da ke jere a titin Jerome Avenue da makamantansa yawancinsu na baƙi ne irinmu, masu fama da haya mai tsada. Mutum kan ji kunyar ya zama sanadin da za a ci ɗan'uwansa tara.

Amma yafiya tana da iyaka, kuma iyakarta ita ce mallaka. Abin da yake naka shi kake iya yafewa. Idan fenti ne bai dace da launin mota ba, ko an riƙe ka mako biyu fiye da alkawari, wannan asararka ce, in ka yafe ka yi karamci. Idan kuwa birki ne aka yi wa ha'inci, ko aka mayar da jakar iska marar aiki, ko aka lulluɓe lanƙwasasshen ƙarfen ƙirar mota da fenti, to haƙƙin ya wuce kanka. Akwai fasinjan da zai shiga bayanka gobe, da yaron da zai tsallaka titi, da wanda za ka sayar wa motar baɗi. Babu wanda ya wakilta ka ka yafe a madadinsu. Shirunka a nan tarayya ne cikin cutar da su.

Malamanmu na Malikiyya sun daɗe da yin magana a kan wannan. Asalin hukunci shi ne wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba. Amma sun ware masu sana'a irin su maɗinki da marini, waɗanda suka buɗe wa jama'a wurin aiki, suka ɗora musu lamunin kayan da suka keɓanta da su. Wannan yana cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da yawancinmu muka karanta a zaure. Dalilinsu maslaha ce: mutane ba su da makawa sai sun miƙa kayansu, kuma ba sa ganin abin da ake yi a bayan idonsu. Wane ne ya fi mai mota shiga wannan hali, shi da ba ya iya leƙa abin da ke ƙarƙashin fenti? Saboda haka neman mai gareji ya ɗauki nauyin aikinsa ba baƙon abu ba ne da muka tsinta a Amurka.

Dokar jihar New York ma ta tanadi hanyoyi. Kowane gareji dole ya yi rajista da hukumar motoci ta DMV, ya kafa allonta mai launin kore da fari. Kana da ikon neman ƙiyasin kuɗin gyara a rubuce, kuma ba za a caje ka fiye da shi ba sai da izininka. Kana iya neman a mayar maka da tsofaffin kayan da aka cire, muddin ka nema a rubuce kafin a fara aiki. Idan gyara ya ɓaci, akwai takardar koke mai lamba VS-35, sai dai a kula da wa'adi: kwana 90 ko tafiyar mil 3,000 bayan gyaran, duk wanda ya riga zuwa. Direban haya kan cinye mil 3,000 cikin 'yan makonni, don haka mai jinkiri saboda kunya yakan wayi gari ƙofa ta rufe.

Ta ɓangaren inshora, sashe na 2610 na dokar inshorar jihar ya hana kamfani tilasta maka wani gareji. Idan kuma shi ya ba da shawarar garejin, aka yi aikin bai yi kyau ba, ƙa'idar da ake kira ta 64 ta ɗora masa nauyin ganin mota ta koma yadda take kafin haɗari ba tare da ƙarin kuɗi a kanka ba. Koke a kan kamfanin inshora hukumar DFS ake kai wa. Kotun ƙananan ƙararraki ta birnin kuma tana sauraron shari'ar da ba ta wuce dala 10,000 ba, kuma ba sai da lauya ba.

Duk da haka, samun hanya ba ya nufin a fara da ƙarshenta. Tsarin da na ga ya fi dacewa da mutuncinmu shi ne mutum ya koma wurin mai gareji shi kaɗai, da rasit da hotuna, ya nuna masa aibin ya ba shi damar gyarawa, domin kuskure daban, ha'inci daban. In ya ƙi, a nemi wani bakanike ya duba ya rubuta abin da ya gani, sannan a zauna gaban dattawa biyu da kowa ya yarda da su. Sharaɗin sulhun shi ne dattawan su ji tsoron Allah, kada sulhu ya zama lallashin mai rauni ya haƙura don kawai a zauna lafiya. In duk wannan bai yi ba, a kai ƙara kafin wa'adi ya cika, ba tare da yayata sunan mutum a zaurukan WhatsApp ba. Neman haƙƙi halal ne, cin mutunci kuwa ƙari ne a kan haƙƙin.

Saura gefe guda da ba mu cika son taɓawa ba. Wani lokaci tun farko mai mota da mai gareji sun haɗa baki: a ƙara kuɗi a takarda, a sa tsohuwar tsaga cikin sabon haɗari, don mai mota ya tsira daga kason da ya kamata ya biya daga aljihunsa. Hujjar ita ce kamfanin inshora ba mutum ba ne, kuma shi ma yana danne mutane. Gaskiya ne kamfanoni kan matse ƙiyasi, kuma ana iya ja da su ta hanyoyin da na ambata. Amma ƙarya ba ta halatta don wanda aka yi wa mai kuɗi ne, kuma zamba ce da dokar jihar ke hukuntawa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin inshorar kasuwanci, amma babu wanda ya halatta yaudarar wanda ka ƙulla yarjejeniya da shi. Ƙari a kan haka, wanda ya koya wa bakanike yin ƙarya a takarda ya ɗaure hannun kansa. Ranar da aikin ya ɓaci ba zai iya zuwa DMV ba, domin takardar da zai nuna ita ce shaidar laifinsa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ga 'yan'uwanmu masu gareji kuwa, idan kuɗin da inshora ta bayar bai isa gyara na ƙwarai ba, ku faɗa wa mai mota tun kafin ku ɗauki guduma, ku nemi kamfanin ya sake dubawa. Wanda ya ji gaskiya da wuri zai dawo da motarsa ya kuma kawo ta abokinsa.

Allah Ya tsare mu a kan hanya, Ya sa albarka a sana'o'inmu.