Shin Kowace Musiba Alhaki Ce?

Kwanan baya a wani gidan suna a nan Kakau, na ji ana zancen wata baiwar Allah da 'ya'yanta biyu ke fama da ciwon sikila. Wata ta ce, "Ai alhakin uwargidan da ta fitar ne." Wata budurwa ta karɓe, "Karma ce ta kama ta." Tunda kalmar nan ta shiga bakin 'ya'yanmu ta finafinai da waya, ya kamata mu san asalinta.

Karma kalma ce ta Sanskirit, tsohon harshen Indiya, ma'anarta aiki. Buda, wanda aka haifa a Lumbini cikin ƙasar Nepal ta yau kimanin shekara 2,500 da suka wuce, ya koyar cewa duk aikin da aka yi da niyya iri ne da zai tsiro wa mai shi. A aƙidarsu babu Mahalicci mai hisabi, aikin ne ke nuna da kansa, in ba a wannan rayuwa ba, to bayan an sake haihuwar mutum. Shi ya sa a Tailan da Bama mata ke sammako su zuba abinci a kwanon masu zuhudunsu don tara alheri.

Lallai mu ma mukan ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi, kuma hadisin farko cikin Arba'una na Imam Nawawi a kan niyya yake. Amma mu rayuwar duniya sau ɗaya ce, sakayya a hannun Allah take, ƙofar tuba kuma a buɗe. Sannan musiba kan zama jarrabawa: wane laifi Annabi Ayuba (AS) ya yi?

Abin mamaki, hatta littattafan mabiya Buda sun ce ba kowane ciwo ne sakamakon aikin baya ba, akwai na sauyin yanayi da na rikicewar jiki. To ina ga ke Musulma? Sikila gado ce: idan uwa da uba duk AS ne, kowane ciki yana da hatsarin ɗaya cikin huɗu. Gwajin jini kafin aure ne rigakafinta, ba tonon laifin uwa ba.

'Yar'uwa, tsoron alhaki madubi ne da za ki duba kanki: ladan 'yar aiki da kika riƙe, ɗan kishiya da kika hana tuwo. Ba sanda ba ce ta dukan wadda ke kwana zaune da yaro yana kukan ƙashi. Ki je ki duba ta, ki kama bakinki. In ba haka ba, kina neman alhakin wata sai ki kwaso nata.

Allah Ya sa mu dace, amin.