Wa aka bari a baya?

In shaho ya gilma ta saman tsakar gida, 'yan tsaki kan watse su shige ƙarƙashin rumbu, kuma ba wanda ke kiransu matsorata. Uwarsu ce ake kallo: za ta tsaya ta baza fukafukai, ko za ta bi ta kanta?

Sabon Alkawari na Littafi Mai Tsarki, wanda aka rubuta da Girkanci, yana da kalmar aiki ta gudu, feugo. Kalmar ba ta yabo, ba ta zagi. Da ita mala'ika ya umarci Yusufu ya tsere zuwa Masar daga sharrin Hirudus (Matiyu 2:13), da ita kuma aka ba da labarin almajiran da suka tarwatse daren da aka kama Yesu (Matiyu 26:56). Bulus ma ita ya ɗauko da yake ce wa Timoti ya guje wa sha'awace-sha'awacen ƙuruciya.

Mu da muka tashi muna jin cewa namiji ba ya gudu, wannan na iya yi mana nauyi. Amma a ganina bambancin yana wajen waɗanda ke hannun mai gudun. Yusufu ya tashi cikin dare da yaron, Yesu, da mahaifiyarsa. Makiyayin haya na Yahaya 10:12 kuwa, da ya hango kyarkeci sai ya bar tumakin, don ba nasa ba ne.

Labarin da ya fi taɓa ni yana Ayyukan Manzanni sura 27. Jirgin da ke kai Bulus Roma ya kwana 14 guguwa na wujijjiga shi, da mutum 276 a ciki. Da matuƙan suka ji alamar tudu ya kusa, sai suka sauke ƙaramin kwalekwale da sunan za su jefa anga ta gaba, alhali sulalewa za su yi. Tsoronsu na gaskiya ne, ba na raina shi. Sai dai su kaɗai suka iya tuƙi, sauran kuwa sojoji ne da fursunoni da fasinjoji. Bulus ya faɗa wa shugaban sojojin cewa in waɗannan suka tafi ba mai tsira, sojoji suka datse igiyoyin, kwalekwalen ya bi ruwa. Da gari ya waye matuƙan suka nufi gaci da jirgin, ya kafe a rairayi ya farfashe, amma dukansu suka fita a tsibirin Malta, wasu da iyo, wasu a kan katako.