Mu Da Gwanayenmu: Ina Iyakar So?

A zangon karatun da ya wuce, an kawo mana wasu ɗalibai biyu ofishin malamai, ɗaya rigarsa a yage, ɗayan leɓensa na jini. Yaran nan unguwarsu ɗaya, benci ɗaya suke zama tun ajin farko, kuma iyayensu tare suke noman shinkafa a fadamar Auyo. Da muka bincika dalilin faɗan, sai muka tarar ba kuɗi ba ne, ba kuma budurwa ba. Ɗaya ne ya ce Hamisu Breaker ya fi Umar M. Shareef iya waƙa, ɗayan ya ce ƙarya ne, magana ta yi tsawo har ta kai ga ambaton iyaye. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa haɗuwa da mawaƙin da ya zubar da jini dominsa.

An yi musu hukunci, amma tambayar da suka bar mana ba ta tafi tare da su ba. Shin mene ne mutum yake ajiyewa a jikin gwaninsa, har ya zamana in an taɓa gwanin sai ya ji kamar mahaifinsa aka taɓa? Kuma wannan so, abin zargi ne ko kuwa?

Kafin mu ɗora wa 'yan zamani laifi, ya kamata mu yi adalci. Wannan hali mun gaje shi. Iyayenmu sun sha raba dare a bakin rediyo suna musu a kan Alhaji Mamman Shata da Alhaji Musa Ɗanƙwairo, Allah Ya jiƙansu. A fagen dambe kuwa, tun zamanin Shago da Ɗandunawa 'yan kallo ke rabuwa, kuma har gobe akwai Kudu, akwai Arewa, akwai Guramaɗa. Mu kanmu da muka yi samartaka a shekarun 1990, wa ya manta gardamar Shah Rukh Khan da Salman Khan? Malamin da ya fi kowa yi wa yaran nan faɗa ran nan, mun san shi sarai, ba ya iya cin tuwon dare in an ci Arsenal. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana.

Bilhasali ma, ba mu ga yadda yaro zai girma ba tare da gwani ba. Da kwaikwayo ake koyon tafiya, da shi ake koyon magana, kuma da shi ake koyon hali. Bahaɗeje ya fi kowa sanin haka, domin har yau in aka ambaci Sarki Buhari, ko aka tuna mazajen da suka tsaya wa Turawa a 1906, za ka ga yaro ya gyara zama. Irin wannan so yakan haifar da alheri. A Koriya ta Kudu akwai ƙungiyar mawaƙa samari bakwai da ake kira BTS, waɗanda suka fito a 2013, masoyansu kuma suna kiran kansu ARMY, wato runduna. A watan Yunin 2020 mawaƙan da kamfaninsu suka ba da gudunmawar dala miliyan ɗaya ga fafutukar kare haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, sai masoyan suka yi karo-karo suka tara kwatankwacinta cikin kusan kwana ɗaya. Wanda ya ce duk harkar shirme ce, to bai dubi wannan ba.

To, amma fa akwai abin da ya sauya, kuma a nan ne muke so mai karatu ya ɗan dakata. A tsarin da muka gada, mawaƙi shi ne mai yabo. Narambaɗa yana da ubangida, wato Sarkin Gobir na Isa, shi yake wasawa, abokan hamayyarsa yake yi wa zambo, a kuma ba shi doki da riga. Sana'a ce mai ƙa'ida: an san mai yin zambon, an san gidansu, in ya wuce gona da iri akwai mai tsawata masa. Yau kuwa reshe ya juye da mujiya. Mawaƙi ne ya zama ubangida, dubban yara suka zama maroƙansa, su yi masa kirari, su yi wa abokin takararsa zambo, ba doki, ba riga. Su ne ma ke biya, da kuɗin katin waya da lokacin karatu. Sa'an nan mai zagin yana iya ɓoye fuskarsa a bayan waya, ya faɗi abin da ba zai iya faɗa a gaban yayansa ba.

Haka kuma dambe yana da ƙarshe. In aka yi kisa, ko aka gama turmi ba kisa, sai a raba, kowa ya kama gabansa. Ƙwallo minti 90 ce. Amma faɗan masoya ba shi da alƙalin wasa, ba shi da lokacin tashi. A 2019 saɓanin da ke tsakanin Ali Nuhu da Adam A. Zango ya kai har gaban kotu a Kano, daga baya manyan sana'ar suka shiga tsakani aka sasanta su. Su biyun sun gaisa, sun ci gaba da neman abincinsu. Yaran da suka zagi juna a kansu fa, wa ya tara su ya sasanta? A ganinmu duk mai suna da ya san ana cin mutuncin wani da sunansa ya yi shiru, yana da kamasho a cikin alhakin, tun da ya san wutar tana ƙara masa kasuwa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yadda so yake rikiɗewa ya koma mallaka. A watan Janairun 2020 wani mawaƙin ƙungiyar EXO mai suna Chen ya sanar cewa zai yi aure, sai wasu daga cikin masoyansa suka nemi a cire shi daga ƙungiyar. A watan Maris na 2024 Karina ta ƙungiyar aespa sai da ta rubuta takardar ban haƙuri da hannunta, domin kawai an ji tana da saurayi. Har mota mai allon rubutu wasu suka yi haya zuwa ƙofar kamfaninta a Seoul don nuna fushinsu. Mawaƙiya Sulli kuwa, wadda ta sha zagi na shekaru daga mutanen da ba su san ta ba, an tarar da gawarta a gidanta a watan Oktoban 2019 tana da shekara 25. Kada mu ce can ne. A nan ma mun ga yadda waɗanda suka ɗaga 'yar fim sama jiya su ne ke fara jifanta yau, in ta yi kuskure ko ta auri wanda bai yi musu ba. Mai irin wannan so, in ka duba da kyau, kansa yake so. Ya ɗauki gwanin tamkar madubi, kuma ba ya yafe wa madubi in ya motsa.

Shi ya sa muke ganin akwai gwaji guda da zai raba so da bauta. Shin mutum zai iya cewa gwanina ya yi waƙa maras daɗi, abokin takararsa kuma ya yi mai daɗi, ba tare da ya ji an rage masa wani abu ba? In ya iya, to sonsa yana hannunsa. In bai iya ba, shi ne yake hannun son.

Wasu abokan aikinmu sun ce maganin abin shi ne a ƙwace wayoyi, a hana jin waƙa baki ɗaya. Mu da muke zaune a bakin kogin Haɗeja muna da dalilin yin shakka. An gina madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, domin a sarrafa ruwa. Ruwan ya daina zuwa da tafiya a kan lokacinsa, ya riƙa kwanciya inda da yakan bushe, sai ciyawar kacala ta cika hanyoyinsa daga nan har Nguru, masunta da manoma suna ta kuka. Zuciyar yaro ma in an toshe ta, ba bushewa take yi ba.

Abin da muka gwada ƙarami ne. A ranar ƙungiyar muhawara, mun sa yaran nan biyu kowa ya tashi ya kare gwanin ɗan'uwansa na minti 5, ya kawo hujja daga kalmomin waƙa da karin sauti. Na farko ya yi, har ya ba 'yan aji dariya da ya amsa cewa ashe yana sauraron mutumin a ɓoye. Na biyun ya tsaya a gaban allo, ya buɗe baki ya rufe, ya ce, "Malam, gara a yi mini bulala." Ba mu tilasta shi ba. Sun koma bencinsu, amma har aka yi hutu jakar littattafai ce a tsakaninsu.