Makarar Asuba: Laifin Mai Barci Ne Ko Na Wanda Ya Saita Agogo?

A shekara ta 7 bayan Hijira, a hanyar dawowa daga Haibara, Annabi (SAW) da sahabbansa suka yi ta tafiyar dare har gyangyaɗi ya ci ƙarfinsu, suka yada zango can ƙarshen dare. Kafin kowa ya kwanta aka ɗora wa Bilal gadin alfijir. Ya yi nafila iya abin da ya sawwaƙa, da asuba ta ƙarato sai ya jingina da raƙuminsa yana fuskantar gabas, barci kuwa ya yi awon gaba da shi. Ba wanda ya farka sai da rana ta taɓa su. Labarin yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Sahihu Muslim. Annabi ya kira sunan Bilal, shi kuma ya kawo hanzarin cewa abin da ya ɗauke kowa shi ya ɗauke shi. Aka ja raƙuma aka matsa gaba, aka yi alwala, aka ta da iƙama, aka yi sallar Asuba rana tana sama.

Darussa biyu ne a wannan dare, kowanne na jan zare ta nasa gefen. Barci uzuri ne, domin hadisin Abu Ƙatada ya ɗora sakaci a kan mai ido biyu, kuma mai barci yana cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami har ya farka. Amma fa ba a kwanta haka kawai ba, sai da aka sa mai gadi. A gidaje da yawa yau wannan gadin ya koma hannun ɗan akwatin roba mai cin batir ɗaya da ake ajiyewa a gefen gado, shi ya sa tsohuwar tambaya ta sake tasowa. Idan mutum ya makara, a ina za a nemi laifinsa? A sa'ar da yake kwance bai san inda kansa yake ba, ko tun da dare lokacin da yake murɗa hannun agogon?

Littattafan Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Damagaram sun fi sauƙi a nan fiye da yadda mutane ke zato. Muhtasar na Shehu Halilu ya lissafa barci da mantuwa cikin uzurorin da ke ɗauke zunubin jinkirta salla zuwa lokacin laruri. Shehu Ahmad Dardir, malamin Azhar da ya yi wa littafin sharhi, ya raba al'amarin gida biyu. Wanda ya kwanta bayan lokaci ya shiga, yana kuma zaton barcin zai cinye lokacin, bai halatta gare shi ba. Wanda ya kwanta kafin shigar lokaci kuwa babu zunubi a kansa, ko da ya san ba zai farka ba, domin a sa'ar da ya kwanta ba a riga an neme shi da wannan sallar ba. Hujja ce mai tsari: wajibi yana hawa wuyan mutum ne da shigar lokacinsa.

Dardir ya rasu a 1786. Shekara guda bayan haka, a garin Concord na jihar New Hampshire a Amurka, wani maƙerin agogo mai suna Levi Hutchins ya haɗa wa kansa agogon da ke kaɗa ƙararrawa da ƙarfe huɗu na asuba, ba ya kuma kaɗawa a wani lokaci sai wannan, don shi ne lokacin tashin mai shi. Ba shi ya fara tunanin ba. Tun wajen 1559 Taƙiyuddin bin Ma'aruf, masanin taurari a daular Turkawa, ya bayyana agogon da ake soka wa ɗan tsinke a daidai sa'ar da ake so ya yi ƙara. Amma wanda kowa zai saya ya juya zuwa lokacin da ya ga dama sai a ƙarni na 19 ya samu: Bafaranshe Antoine Redier ya yi rajistar nasa a 1847, kamfanin Seth Thomas na Amurka ya fito da ƙarami na gefen gado a 1876.

Da agogon ya zama ruwan dare, fatawa ta ƙara zafi. Shehu Abdul'aziz bin Baz, babban muftin Saudiyya da ya rasu a 1999, ya tsananta ƙwarai a kan wanda ya saba saita agogonsa zuwa lokacin fita aiki, bayan hudowar rana; a wurinsa wannan barin salla ne da gangan. Shehu Ibn Usaimin ya tafi a kan cewa wanda ya san nauyin barcinsa sai ya nemi abin da zai tashe shi, agogo ko mutum. A fuska kamar maganar tasu ta yi karo da ta Dardir, sai dai tambayoyin da suke amsawa sun bambanta. Dardir yana hukunci ne a kan barcin kansa. Su kuwa suna hukunci a kan wani aiki da aka yi ido biyu, wanda a da ba ya barin alama. Mutumin zamanin Dardir in ya kwanta, niyyarsa tana cikin ƙirjinsa, tashinsa yana hannun ladan da zakara da maƙwabci. Na yau kuwa ya bar shaida a kan durowa: ɗan hannun nan na ƙararrawa, ko dai yana nuna biyar ko yana nuna bakwai, kuma shi ya kai shi wurin.

Akwai wani ƙulli da ya fi wannan, kuma a nan ne Malikiyyar ma ba ta bar kowa ya sulale ba. A 1956 kamfanin General Electric ya fitar da agogo mai maɓallin ɗage ƙara, wanda in an danna sai ya yi shiru ya sake bugawa bayan kamar minti tara. Wayoyin iPhone sun daɗe suna riƙe da wannan minti taran. Ta fuskar lafiya abin bai kai yadda ake zuzuta sharrinsa ba. Binciken da Tina Sundelin ta jagoranta a Jami'ar Stockholm, wanda aka wallafa a 2023, ya gwada mutum 31 da suka saba ɗage ƙara, aka ga rabin awa na wannan ɗage-ɗagen bai rage musu barci ba sai kamar minti shida, bai kuma dushe musu tunani ba. Ta fuskar fiƙihu kuwa lissafin daban ne. Wanda agogo ya tasa bayan alfijir ya keto, ya ji, ya gane, sannan ya kashe ya ja bargo alhali ya san halinsa, ya fita daga gida na biyu na Dardir ya shiga na farko. Shi yanzu mutum ne da ya kwanta bayan shigar lokaci. Agogon da ya saya don ya taimake shi, shi ne ya raba shi da uzurinsa.

Adalci ne a faɗi cewa ba duk wanda ya kashe agogo ne ya san ya kashe ba. Masana barci sun san magagin da ke biyo bayan farkawa, wanda kan ɗauki mintoci kafin hankali ya dawo daidai, kuma hannu na iya miƙawa ya danna maɓalli mai shi bai tuna komai ba da safe. Irin wannan ya fi kusa da mai barci. Amma in abin ya maimaitu har ya gane kansa, maganin yana hannun mutumin daren: ya ajiye agogon inda sai ya sauko daga gado ya taka kafin ya kai gare shi.

Idan an yarda cewa riƙon sababi yana cikin ibada, to wane agogo aka sayo ba ƙaramar magana ba ce. Mai jonawa da wuta, a garin da 'yan NEPA (sunan da har yau ya ƙi barin bakin mutane) ke ɗauke wuta tsakar dare, yakan wayi gari yana ƙyafta 12:00, ya manta duk abin da aka gaya masa. Waya tana buƙatar caji, amma wannan ne ƙaramin aibinta. Hadisin Abu Barza ya nuna Annabi yana ƙin hira bayan Isha'i, ita kuwa waya tana kawo hirar duniya har kan matashi, ta WhatsApp da Facebook da TikTok, sai mutum ya kai ƙarfe ɗaya yana latse-latse sannan ya saita biyar yana fatan alheri. Agogon batir bai iya komai ba sai nuna lokaci da yin ƙara, kuma wannan rashin iyawar ita ce falalarsa. Kalmar Quartz da ake gani a fuskarsa tana nufin ɗan ƙanƙanin dutse a ciki da ke karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, shi ke riƙe masa lissafi, kuma batir ɗaya mai kyau yakan kai shi wajen shekara.

Maganar shiru kuma ta shafi haƙƙin wanda ake kwana ɗaki ɗaya da shi. Ƙas-ƙas ɗin agogo na fitowa ne daga ɗan injin da ke tunkuɗa hannun sakan sau ɗaya kowane sakan. Akwai waɗanda hannun nasu ke sulalewa ba tsalle, kunne ba ya jin su, haka ma masu nuna lambobi. Akwai masu fara ƙara a hankali su riƙa ɗagawa, akwai masu girgiza da ake sawa ƙarƙashin matashi, waɗanda kurame suka fi amfana da su. Mai jego da ta kwana tana jijjiga jariri, wadda ma salla ba ta kanta a kwanakin, ko mara lafiyar da sai da ƙyar ya samu runtsawa, ba su ci bashin tahajjudin maigida ba. A Sahihu Muslim Nana A'isha ta ba da labarin daren da Annabi ya fita zuwa maƙabartar Baƙi'a: a hankali ya ɗauki mayafinsa, a hankali ya sa takalmi, a hankali ya buɗe ƙofa ya rufe, don yana zaton ta yi barci. Mai sayen agogon da zai tada unguwa saboda nafilarsa bai ɗauko wannan sunnar ba.

Abin da agogo bai gada daga mutane ba shi ne jiran amsa. A garuruwan masana'antu na Ingila an yi masu sana'ar tashin ma'aikata, suna ƙwanƙwasa taga da doguwar sanda, wasu na harba busasshen wake ta bututu, kuma da yawansu ba sa gusawa sai mai gida ya leƙo. A ƙasar Hausa masu tashin sahur da ganga a watan azumi, da malamin da ke bi kan almajirai, da maƙwabcin da ke buga ƙyaure a hanyarsa ta masallaci, duk suna haɗa tashi da kunya, wadda ta fi kowace ƙararrawa ratsa bargo. Mutum kuma yana iya sauraron uzuri. A Sunan Abi Dawud matar Safwan bin Mu'aɗɗal ta kai ƙararsa cewa ba ya sallar Asuba sai rana ta fito. Ya ce gidansu an san su da nauyin barci, aka umarce shi ya yi salla da zarar ya farka. Wasu malamai sun yi magana a kan ingancin riwayar, amma ma'aikaciyar jinya da ta sauko daga aikin dare, da direban tirela, da mai gashin burodi, sun fi kusa da halin Safwan fiye da na mai kallon fina-finai har ƙarfe biyu, kuma bai kamata mai wa'azi ya zuba su a kwando ɗaya ba.

Saura abu guda da masu agogon gefen gado suka fi mantawa: alfijir ba ya zama wuri ɗaya. A Kano yana ketowa kafin ƙarfe biyar a watan Yuni, a Janairu kuwa sai bayan biyar da rabi, tazarar kusan awa guda. Wanda ya saita agogonsa cikin hunturu ya bar shi haka har damina zai riƙa tashi an idar da jam'i. Agogunan kiran salla irin Al-Fajr da alhazai ke kawowa tsaraba suna yin wannan gyaran da kansu, muddin an shigar musu da garin da ake ciki. In an bar su a lissafin Makka sai su kira salla tsakar dare. Mai hannu kuwa sai an riƙa matsar da shi duk bayan 'yan makonni, a kuma canja batir tun sa'ar da ƙarar ta fara shaƙewa, domin agogo kan ci gaba da nuna lokaci daidai alhali ƙarfin da ya rage masa bai isa ya tada kowa ba.